Ranar da Na Ba Gunya Kanwa

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san halinmu da rana. Ka kawo yadi in ce maka Laraba, ka zo Laraba in ce Asabar, ka zo Asabar ka tarar ko almakashi bai taɓa shi ba, in kuma dube ka ido cikin ido in ce saura maɓalli. Shekara goma sha biyar ina wannan a shagona da ke hanyar Kusugu, ban taɓa kiransa ƙarya ba. Sana'a nake ce masa. Sai da na kai halin nan bargar Baba Ɗantsoho sannan na san sunansa na gaskiya.

Baba Ɗantsoho abokin marigayi mahaifina ne. Fataucin dabbobi ya yi tun yana saurayi, tsakanin Mai'adua da cikin Nijar, da ya tsufa ya saki komai ban da dawaki uku da ya ɗaure a bayan gidansa. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiyar a zo a gani. Ciwon doki ne kawai Allah ya ɗora masa, irin wanda ba ya jin magani. Ni ma ciwon ke gare ni, sai dai ko jaki ban mallaka ba. To a shekarar da aka fara shari'a a jiharmu idanunsa suka fara dushewa, hawa ya gagare shi. Ya aika aka kira ni.

"Saminu," ya ce, "kana da ƙafa da ido, ba ka da doki. Ni ina da doki da hannu. Mu haɗa."

Haka muka haɗa. Kullum da sassafe kafin in buɗe shago sai in biya, in ba su ruwa, in yi shara, in fita da ɗaya kilisa ya miƙe ƙafa. Shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. Hannun nan abin mamaki ne. Ya shafa wuyan doki ya ce maka jiya bai sha ruwa sosai ba. Ya tsuguna ya ɗauki kashin doki ya murza, ya gaya maka abin da ya ci da abin da ke damunsa. Abin da hannu bai kai gare shi ba kuwa ni yake tambaya, kuma duk abin da na faɗa ya zauna, ba ya sake bincike.

Dawakin da launinsu yake kiransu. Akawal shi ne baƙin, kuma wallahi ban taɓa ganin dabba mai baƙar zuciya irinsa ba. Cizo nasa ne, harbi nasa ne, in ka hau shi ya ga dama ya ba ka gudun da ba ka taɓa gani ba, in bai ga dama ba ya yi tutsu ya watsar da kai gaban jama'a. Sau biyu yana kai ni ƙasa, har yau kafaɗata tana tuna mini in sanyi ya shigo. Bidi shi ne mai ruwan toka, malalaci ne mai wayon tsiya. Da ya hango sirdi sai ya fara ɗingishi, da an mayar da sirdin ɗaki sai ƙafa ta warke. Sai Gunya, mai launin ƙasa-ƙasa da farar geza. A hannun Baba aka haife shi, shi ya tare shi da ya faɗo daga uwarsa. Gunya ba ya cewa a'a. Ka nuna masa rami zai tsallaka, ka nuna masa rairayi zai shiga, ya gaji bai gaji ba ba za ka sani ba sai ka sauka. Baba yakan ce wannan dokin kai za ka riƙa jin gajiya a madadinsa.

Mu ba 'yan sukuwar manya ba ne. Mahauta ne, da direbobi, da wani malamin firamare, da manoma masu doki ɗaya ɗaya. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama kaka, mukan taru a wani fili da ke hanyar Kongolam mu yi zagaye biyu. Tun da shari'a ta zo 'yan caca suka janye jiki, aka bar mu mu masu abin a zuci, kyautar ma rediyo ce ko bargo. A sukuwar da ta gabata Gunya ya zo na biyu, dokin Maliki mahauci ya wuce mu da tsawon wuya. Shekara guda cur Maliki yana yi mini dariya a bakin kasuwa.

Baba yana da ƙa'idarsa ta shirya doki. Kafin sukuwa yakan ba shi abin da yake kira babbar kanwa: jar kanwa ta Nijar, a daka, a jiƙa da dusa, doki ya ci ya wanke ciki. Kwana uku ko huɗu zai yi yana zawo, jiki ya saki, ruwan jiki ya zube. Daga nan sai ya fara ci kamar an aiko shi, gashi ya yi sheƙi, ƙarfi ya dawo fiye da da. Amma sai an cika kwana goma sha biyu kafin a sake shi da gudu, ko kwana ɗaya ba a ragewa. Kuma ranar da aka ba shi ba a barinsa shi kaɗai. Wuni za ka yi kansa kana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

A shekarar nan sukuwa ta faɗo ranar Asabar, ranar kanwa ta faɗo Litinin ta makon da ya gabace ta. Sai ga shi Litinin ɗin ce za a kai Baba asibitin ido a Kano. 'Yarsa Kande ce ta matsa, ita da ke zaune da shi tun rasuwar mijinta. Ranar Lahadi da yamma ya sa aka kawo turmi, ya daka kanwar da kansa, ya auna da tafin hannunsa, ya rage, ya ƙara ɗan kaɗan, ya ƙulle a tsumma ya miƙo mini.

"Gobe da safe. Gunya kaɗai, sauran sun sha tasu. Kada ka buɗe shago."

"An gama, Baba," na ce.

Litinin ta waye, ga ankon abokan wani ango kala goma sha huɗu a kan teburina, ɗaurin aure Juma'a, kuma na riga na ce musu saura guga. Na leƙa barga, na ba da ruwa da harawa, na dubi ƙullin kanwar a aljihuna na ce gobe. Kwana ɗaya me zai rage? Talata na ce Laraba. Laraba aka ɗauke wuta, na koma keken ƙafa. Juma'a angon da kansa ya zo ya zauna mini a shago. Bayan biki kuma sai waɗanda na ture ɗinkinsu saboda biki suka taso mini. Kai, in taƙaita, ban kwance ƙullin nan ba sai Talata ta mako na biyu, saura kwana huɗu sukuwa.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne, da na zubar da kanwar a bola, da babu abin da zai faru. Doki zai yi gudunsa ba tare da ita ba, ko ya ci ko kada ya ci. Amma ni tunanin tela na yi: aikin da aka makara a yi shi da sauri, mai kaya ba zai gane ba. Na jiƙa, na ba shi. Ya cinye tas, har yana lasar ƙwaryar.

Ranar Alhamis suka dawo. Tun daga fuskar Kande na san babu labari mai daɗi. Ta ja ni gefe a zaure ta ce likitoci sun ce jijiyar idon ta riga ta mutu, babu aikin da za a yi. 

Baba kuwa ko ruwa bai sha ba ya ce in kai shi barga. Ya shafa Akawal, Akawal ya kai masa cizo ya kauce yana murmushi. Ya shafa Bidi. Da ya zo kan Gunya sai hannun ya tsaya. Ya ja fatar wuyansa ya saki. Ya bi bayansa har ƙugu. Sannan ya tsuguna ya lalubi ƙasa, ya ɗauki kashin ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci. Ni kuwa ina tsaye riƙe da tsintsiya.

"Saminu, yaushe ka ba shi?"

"Litinin, Baba."

"Wace Litinin?"

"Wadda ka ce."

Bakina ne ya faɗa tun kafin zuciyata ta yi shawara, kamar yadda yake faɗin saura maɓalli. Baba ya jima a tsugune. Ya sake murza kashin.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni ji nake kamar shekaranjiya aka ba shi. Kwana goma ke nan yau, ko?"

"Goma."

"To ko sabuwar harawar nan ce." Ya goge hannun a jikin turke, a hankali. "Ko kuma hannun ne shi ma ya fara bin idon."

Na ji maganar nan har cikin ƙashina, amma na bar ƙaryar a yadda take. Na ce wa kaina mutumin da aka gaya wa jiya ya makance har abada ba yau za a ƙara masa wani baƙin ciki ba. Tausayi na kira shi a lokacin. Kunya ce kawai, da tsoron ya san irin mutumin da ya ba amana.

Sai na nemi hanyar da zan fitar da Gunya ba tare da na fitar da gaskiya ba.

"Baba, bana me zai hana in gwada Akawal? Na ga kwana biyun nan ya yi sanyi."

Dariyarsa ta farko ke nan tun dawowarsa. "Akawal ya yi sanyi? Kafaɗar taka ce ta warke, shi ya sa. Je ka gwada."

Ranar Juma'a da safe na ɗaura wa Akawal sirdi na fita da shi bayan gari. Ya ba ni gudu mai kyau har na fara murna. Muna isa wata gonar rogo ya hango wata jaka tana kiwo, ya tsaya cak, ya yi sama da ƙafafun baya, sai ga ni a cikin kunya baki duk ƙasa. Shi ya riga ni isa gida. Bayan masallaci na ɗauko sirdi na nufi Bidi. Ɗan banzan nan tun ina ƙofa ya ɗage ƙafar gaba yana kallona. Na zage shi, na ɗaura, na hau, na yi ta duka. Sassarfa kawai ya ba ni, ita ma kamar yana yi mini alfarma.

Da na dawo Baba yana zaune kan buzunsa kusa da Gunya.

"Ka gama wasan?" ya ce. "Saminu, ba zan ƙara ganin dokin nan yana gudu ba. Na haƙura. Amma kunnena yana nan. So nake in zauna bakin fili in ji ana kiran sunansa."

Nan ne ya kamata in faɗa. Kalma huɗu ce, Talata na ba shi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kai mu."

Na tafi gida da dabara ta ƙarshe. Zan hau shi, in riƙe linzami, mu yi zagayenmu a hankali mu zo na baya. A yi mini dariya, ba komai. Doki ya tsira, ƙaryata ta tsira.

Asabar bayan la'asar fili ya cika. Rana ba ta yi sanyi ba tukuna. Kande ta shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar wata bedi daidai inda ake ƙarewa. Dawaki tara muka jera. Maliki yana damana a kan hurdensa, wani doki mai dabbare-dabbare da ya sayo daga Nijar, yana ta taunar goro.

"Tela!" ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ina rigata ta wata uku? Ko ita ma sai ta zo ta biyu?"

Aka kwashe da dariya. Na ce masa ya bari a sauka tukuna.

Aka saki tuta. Zagayen farko na yi abin da na ƙudura, na riƙe shi muna na biyar. Gunya bai saba ganin ƙura a gabansa ba, sai jan linzami yake yana neman in sake shi. Na kai hannu wuyansa. A bushe yake. Dokin da ya yi zagaye guda a ranar nan ya kamata ya jiƙe sharkaf, shi kuwa zafi kawai nake ji kamar na taɓa murfin tukunya. Na san abin da wannan ke nufi, Baba ya koya mini.

Da muka shigo zagaye na biyu sai na gaban suka fara gajiya. Ba tare da na yi komai ba muka wuce ɗaya, muka wuce biyu, muka wuce uku. Sai ga bayan Maliki a gabana, shi kaɗai ya rage, rigarsa tana kaɗawa. Mutane suka fara ihu, "Gunya! Gunya!" Na hango bediyar, na hango farar hular Baba ya miƙe tsaye, Kande tana riƙe da hannunsa.

Zan iya cewa don Baba na yi. Na sha gaya wa kaina haka. Amma ni na san abin da ke raina a daidai lokacin: bayan wuyan Maliki nake kallo, ina tuna dariyar shekara guda. Na saki linzami, na sa masa ƙaimi. Sau biyu.

Da Akawal ne, da ya jefar da ni ya tafi abinsa. Da Bidi ne, ko wuta zan sa masa ba zai ƙara taku ɗaya ba. Gunya kuwa sai ya miƙe ya ba ni abin da ba shi da shi. Muka wuce Maliki saura taku ashirin.

Na sauka mutane suna ta bubbuga mini baya. Gunya ya taka da kansa har gaban tabarmar. Baba ya rungume wuyansa yana dariya, hawaye na zuba daga idanun nan da ba sa gani. Sai dariyar ta tsaya. Hannunsa ya bi wuya, ya bi ƙirji.

"Ruwa! Ku kawo ruwa! Ku cire sirdin!"

Kafin in kwance majayin sirdin ƙafafun Gunya na baya sun fara rawa. Ya durƙusa, ya kwanta. Aka yi ta kwara masa ruwa, Maliki da kansa ya cire rigarsa yana yi masa fifita, wani ya hau babur neman malamin dabbobi. Baba ya zauna a ƙasa ya ɗora kan dokin a cinyarsa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ana kiran magariba Gunya ya daina numfashi. Wani ya zo ya ajiye rediyon da muka ci kusa da ni, ban ma san ko wane ne ba.

Washegari muka kai shi gonar Baba a amalanke muka binne. Muna cikin mayar da ƙasa Baba ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni na kashe shi. Na zuba masa kanwa fiye da ƙima, har kwana goma sha biyu ba ta sake shi ba. Shekara hamsin ina aunawa da hannun nan." Maliki ya ce haba Baba, kwana ne ya ƙare. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na faɗa, da shebur a hannuna.

Daga ranar Baba bai sake taka barga ba. Ina zuwa da safe in yi aikina, in leƙa zaure in gaishe shi, ya amsa ya sa mini albarka. Albarkar nan ta fi zagi ciwo. A gari kuwa sai yabo nake sha, wai Saminu ɗan halak ne, ya riƙe tsoho kamar ubansa. Na koma shago na kasa zare allura. In mai kaya ya tambaye ni yaushe, sai in ji harshena ya yi nauyi.

Bayan mako uku Kande ta tare ni a ƙofar barga.

"Saminu, ka yi masa magana, kai yake ji. Ba ya cin abinci. Ko tuwo na ajiye sai ya ce in duba masa ko da zafi, wai shi bai yarda da hannunsa ba. Wuni yake yana murza yatsu. Yanzu kuma ya ce in kira liman da Maliki ranar Juma'a su shaida, zai ba ka Akawal da Bidi kyauta."

"Ni?"

"Wa ya fi ka cancanta? Ya ce kai kaɗai ne ba ka taɓa yi musu kuskure ba."

Na ce mata to, Yaya Kande. Na shiga barga na zauna kan turken Gunya, wanda har yanzu igiyarsa ke ɗaure. Duk tsawon rayuwata burina in mallaki doki. Ga biyu za a ba ni gaban liman, ladan kashe na ukun. Akawal ya juyo ya zuba mini ido, kunnuwa a kwance. Na tashi na nufi zaure tun kafin ƙafafuna su canja shawara.

Yana zaune kan buzu, rediyon tana gefe a cikin kwalinta ba a buɗe ba. Na durƙusa.

"Baba, ba Litinin na ba shi ba."

Ya juyo da kunnensa wajena.

"Ɗinki ya riƙe ni. Na yi ta cewa gobe. Sai Talata ta mako na biyu na ba shi, saura kwana huɗu. Awonka daidai ne, ni na yi maka ƙarya. Kuma a fili na taɓa wuyansa na ji a bushe, na sani, na sa masa ƙaimi."

Na jira ya ɗaga sanda, wallahi da ya ɗaga da na ji sauƙi. Sai na ga leɓɓansa suna motsi, yana lanƙwasa yatsu.

"Talata," ya ce. "Laraba. Alhamis na dawo. Shekaranjiya ke nan."

"E, Baba."

"Abin da na ce ke nan. Na ce kamar shekaranjiya aka ba shi."

"Haka ka ce."

Ya ɗaga hannun damansa ya buɗe shi a gaban fuskarsa, kamar mai iya ganinsa. Ya juya shi.

"Ashe ya gaya mini," ya ce. "Ya gaya mini, na ƙaryata shi, na ɗauki taka."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na ce ya yafe mini don Allah. 

"Abin da ka yi mini na yafe, Saminu, don darajar ubanka da don ka zo da ƙafarka. Na Gunya kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Wannan ka nema wurin Wanda ya ba ka shi ka hau." Ya laluba ya ɗauki sandarsa. "Kande! Ki aika wa liman ya sha zamansa. Kuma ki zuba mini abin kari, zan dawo."

Na miƙa hannu in kama shi, ya ce in bari. Da sanda da bango ya kai kansa barga. Ina biye a baya na ji Akawal ya yi haniniya, na ji Baba yana ce masa, "Kai tafi can, mugu, ka rame."

Bai kore ni ba. Bai kuma gaya wa kowa ba, ko Kande daga bakina ta ji, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Ban sake shiga sukuwa ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Har yau nakan biya da sassafe in yi shara, in cika kwatarniya, in fita da Bidi ya yi mini ɗingishinsa. Baba yakan fito da sandarsa ya tsaya a ƙofa mu gaisa.

"Saminu, ka ba su ruwa?"

"Na ba su, Baba."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Sannan ya taka a hankali har gaban Bidi, ya kai hannu bakinsa ya ji ko da danshi.